Masu Gyaran Turba a Kan Doki: Aikin Gayya a Duwatsun Amurka

 A wannan mako za mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin mu ga yadda waɗansu mahaya dawaki suka ɗauki wani nauyi wanda ba wanda ya ɗora musu, suka kuma riƙe shi fiye da shekara 50. Idan lokacin ɗumi ya zo a ƙasarsu, mutanen nan sukan ɗaura wa dawakinsu sirdi, su labta wa alfadarai kaya, su shiga duwatsu kwana da kwanaki, suna yanke itatuwan da suka faɗi a kan turba, suna gyara wuraren da ruwa ya ci, ba tare da an biya su ko anini ba. Abincinsu daga aljihunsu yake fitowa, haka kuma harawar dabbobinsu.

Da yawa daga cikinmu in an ce Amurka, abin da kan zo mana a rai shi ne dogayen benaye da manyan tituna. Amma a yammacin ƙasar akwai duwatsu da dazuzzuka masu faɗin gaske, inda mutum zai yi tafiyar kwanaki bai ga mota ba. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a shekara ta 1905, tana riƙe da ƙasa mai faɗin eka miliyan 193. A cikin wannan ƙasa akwai turbobi na ƙafa da na dabbobi, waɗanda wani binciken gwamnati na shekara ta 2013 ya ce tsawonsu ya kai mil 158,000. Wannan bincike ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai na turbobin ke cikin hali mai kyau yadda hukumar take so, kuma aikin gyaran da ya taru ba a yi ba ya kai na dala miliyan 314. Ke nan har ƙasa mai arziki irin wannan ma hannun gwamnatinta bai kai ko'ina ba.

Yadda abin ya samo asali

A jihar Montana akwai wani daji da ake kira da sunan Bob Marshall, wani ma'aikacin gandun daji wanda ya rasu a 1939 yana da shekara 38, bayan ya ba da ƙarfinsa wajen neman a keɓe waɗansu wurare a bar su yadda Allah ya halicce su. Faɗin wannan daji ya ɗara eka miliyan ɗaya. Tun zamanin da, da doki da alfadari ake ratsa shi.

A farkon shekarun 1970 sai mahaya suka fara jin ƙishin-ƙishin cewa za a taƙaita shigar dabbobi cikin dajin, saboda ana kuka da irin ɓarnar da suke yi. Waɗansu abokai huɗu, cikinsu har da Roland Cheek wanda daga baya ya yi suna wajen rubuce-rubuce a kan wannan daji, suka zauna suka yi shawara. Suka ga cewa zagin ma'aikata ba zai hana a rufe musu hanya ba. Suka kuma yarda cewa cikin kukan da ake yi da mahaya akwai gaskiya. Saboda haka a 1973, a kwarin Flathead, suka kafa ƙungiya mai suna Back Country Horsemen, wato mahayan dawaki na can cikin daji. Manufarsu ita ce su kare damar shiga filayen gwamnati da dabbobi, su taimaki hukuma da aikin hannu, su kuma koya wa 'yan'uwansu mahaya yadda za su bi daji ba tare da sun lalata shi ba.

Abin ya bazu zuwa jihohin maƙwabta. A 1986 ƙungiyoyin Montana da Idaho da Washington da Kalifoniya suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, daga baya kuma rassanta suka kai jihohi kimanin 30. Cikin membobinta akwai manoma da malaman makaranta da makanikai da waɗanda suka yi ritaya, maza da mata, har da yara da ke bin iyayensu.

Dokar da ta hana inji

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a shiga da katafila a gama aikin cikin kwana biyu ba? Amsar tana cikin wata doka da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 3 ga watan Satumba, 1964. Dokar ta keɓe waɗansu dazuzzuka, cikinsu har da na Bob Marshall, ta ce ba a shiga da mota, ba a amfani da kayan aiki mai inji, ko keke ma ba a hawa. A lokacin eka miliyan 9 da 'yan kai aka keɓe, amma a hankali aka yi ta ƙarawa har ta wuce miliyan 110.

Ma'anar wannan ita ce, a irin waɗannan wurare ba a yanka itace da zarto mai inji. Duk gungumen da ya tare hanya, da ƙarfin damtse za a yanke shi. Duk kuma wani abu mai nauyi da aikin ke bukata, ko katako ne na gada, ko tsakuwa, ko tukwane da abincin ma'aikata, a bayan dabba zai shiga. Nan ne mahaya suka zama abin nema. Mutum mai tafiya a ƙasa ba zai iya ɗaukar katakon gada ya yi mil 20 da shi a kan dutse ba, amma ayarin alfadarai zai kai shi. Sau da yawa ma mahayan ne ke kai wa sauran ƙungiyoyin sa-kai kayansu, su sauke musu a zango, su komo bayan mako guda su kwaso su.

Kayan aikinsu

Babban makaminsu shi ne dogon zarto na mutum biyu, wanda tsawonsa kan kai ƙafa 6. Mutum ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ƙa'idarsa ita ce kowa ja yake yi, ba mai turawa. In ka tura, zarton ya lanƙwashe ya cije. Kai dai ka ja naka, sa'an nan ka saki hannu ɗan'uwanka ya ja nasa. Mutum biyu da ba su jituwa ba za su iya yanka da shi ba, ko da kowannensu ƙato ne. Masu aikin sun fi son tsofaffin zartuna da aka ƙera tun kafin zarto mai inji ya yawaita, domin ƙarfensu ya fi kyau, kuma wasa haƙoransu sana'a ce mai zaman kanta wadda kan ci awoyi. Daga 2016 hukumar ta kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa, cewa duk mai riƙe zarto a gandunta, ma'aikaci ne ko ɗan sa-kai, sai ya sami horo da takardar shaida.

Na biyu shi ne wani abu mai kai biyu, gefe ɗaya gatari, ɗaya gefen kuma kamar fartanya mai kauri. Ana kiransa Pulaski, kuma sunan yana da labari. A watan Agusta na 1910 wata gagarumar gobara ta cinye daji kimanin eka miliyan 3 a Idaho da Montana cikin kwana biyu, ta hallaka mutane fiye da 80. Wani ma'aikacin daji mai suna Ed Pulaski yana tare da mutanensa kimanin 45 sa'ad da wuta ta kewaye su. Da yake ya san turbobin wurin kamar tafin hannunsa, sai ya bi da su ya shigar da su cikin wani tsohon ramin haƙar ma'adini kusa da garin Wallace, ya tsaya a bakin ramin ya hana kowa fita. Mutum 5 suka rasu, sauran suka tsira, shi kuwa ya ƙone har idonsa ya sami lahani. Shi ne ake danganta wa gyara wannan gatari bayan gobarar, kuma har yanzu da shi ake sare saiwa ana haƙa ƙasa. Sanin hanya ne ya ceci rayukan nan a ranar.

Sauran kayan su ne shebur, da diga, da almakashin rassa, da dogon ƙarfe na ture duwatsu, da hular kwano da safar hannu.

Yadda aikin yake tafiya

A duwatsun nan dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa watanni da yawa. Nauyinta da iska mai ƙarfi sukan kayar da itatuwa, ga kuma waɗanda gobara ta kashe ko ƙwari suka cinye cikinsu, suna tsaye a bushe suna jiran ranar faɗuwa. In ƙanƙara ta narke wajen watan Yuni, sai a tarar turba ta toshe. Turbar da aka bari shekara uku ko huɗu ba a taɓa ba, ciyawa da ƙananan itatuwa sukan shafe ta, daga nan sai a neme ta a rasa.

Kafin a tashi, shugaban tafiya yakan je ofishin gandun daji a yi yarjejeniya a kan inda za a yi aiki da abin da za a yi. Da safe kafin a taɓa kayan aiki, akan taru a yi magana a kan haɗarin da ke gaba, a san wanda ke riƙe da akwatin magani. Gungume da ya faɗi ba abin wasa ba ne. Wani yana danne da reshe a lanƙwashe kamar baka, in aka yanke shi ba lissafi sai ya ɓalle ya doki mutum. Don haka mai zarto yakan zagaya itacen ya duba inda nauyinsa ya karkata, ya share wa kansa wurin gudu, sa'an nan ya fara.

Turbar dabbobin kaya akan share ta faɗin ƙafa 8, tsawo kuma ƙafa 10 zuwa sama, domin kada kaya su maƙale a gefe, ko reshe ya kwaɗe mahayi. Amma tsofaffin ma'aikata sun san cewa babban abokin gabar turba ruwa ne. In ruwan sama ya sami turba ya bi ta kamar kwata, cikin damina ɗaya sai ta zama kwazazzabo. Saboda haka sukan ɗan karkatar da fuskar turba zuwa gangare domin ruwa ya tsallake ta ya wuce, su jera duwatsu ko gungume a gicciye don kau da shi gefe, su kuma yashe magudanun da ƙasa ta cike. A wuri mai taɓo sai su shimfiɗa katako ko su cike da tsakuwa. Aikin minti goma da shebur a kan lokaci yakan hana aikin mako guda nan gaba. Rigakafi, in ji Bahaushe, ya fi magani.

Labta kaya ma ilimi ne. Akan auna kayan gefen dama da na hagu da ma'auni, sai nauyinsu ya zo daidai, domin in ɗaya ya rinjayi ɗaya sirdin kaya zai zame ya yi wa dabba miki. Alfadaran akan jera su da igiya, amma tsakanin kowane biyu akan sa 'yar siririyar igiya mai saurin tsinkewa, domin in ɗaya ya zame a bakin rami kada ya ja sauran.

Zango da dare

In yamma ta yi aka sauka, dabba ake fara duba kafin mutum ya nemi abin da zai ci. A kwance sirdi, a duba baya da kofato, a kai su ruwa. Wannan ya yi daidai da koyarwar Karin Magana 12:10, inda aka nuna cewa halin adali yakan bayyana har a yadda yake kula da dabbarsa.

Ba a kafa tanti ko a ɗaure dabba kusa da rafi. Akan ja baya kamar ƙafa 200, wato taki 70, domin kada kashi da fitsari su shiga ruwan da wani zai sha a ƙasa. Ba a ɗaure doki a jikin itace ya kwana, gama zai tone saiwar da kofato ya kuma gwaguye ɓawon, itacen ya mutu. Abin da suke yi shi ne su miƙa igiya a sama tsakanin itace biyu, da faffaɗan maɗauri wanda ba zai yanke ɓawo ba, sa'an nan su ɗaure dabbobin a jikin igiyar. Waɗanda za su yi kiwo akan sa musu dabaibayi. Da safe sai a watsa kashin, a cike inda aka tone.

Harawar da ake shiga da ita filayen gwamnati a Montana sai wadda aka duba aka ba da shaida cewa ba ta da irin muguwar ciyawa. Masu lura ma sukan fara ba dabbobinsu wannan harawa kwana biyu ko uku kafin tafiya, saboda irin da ke cikin ciki yakan fita da kashi ya tsiro. Abinci kuwa akan rataye shi ƙafa 10 daga ƙasa, ko a kulle shi cikin akwatin ƙarfe, saboda beyar, wata ƙatuwar dabba mai ƙarfin jin wari. Beyar da ta saba da abincin mutane takan zama haɗari, ƙarshenta kuma a harbe ta, alhali sakacin mutum ne ya jawo.

Mai zagayawa bayan gida yakan yi nisa da ruwa, ya haƙa rami mai zurfin inci 6 zuwa 8, ya rufe in ya gama. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna cewa an ba Isra'ilawa irin wannan umarni a Maimaitawar Shari'a 23:12-14, aka kuma ba da dalili cewa Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangonsu. Duk abin da aka shigo da shi, ko gwangwani ko leda, da shi ake fita.

Ba a rasa masu suka

Gaskiya ce doki yana da nauyi, kuma kofatonsa yakan farfasa turba mai danshi fiye da ƙafar mutum nesa ba kusa ba. Masu tafiya a ƙasa sukan yi kuka da kashi da ƙura da ƙudaje. Mahayan ba su musa ba. Abin da suka yi shi ne suka rage yawan dabbobin da suke shiga da su, suka guji hawa turba tana jiƙe, suka kuma zama su ne kan gaba wajen gyara.

Akwai kuma gardama a kan zarto mai inji. Waɗansu suna cewa itatuwan da ke faɗuwa sun fi ƙarfin hannu, a ba da izini na ɗan lokaci. Waɗansu kuwa suna cewa in aka buɗe wannan ƙofa ba za ta sake rufuwa ba. A 2019 hukumar ta ba da irin wannan izini a waɗansu dazuzzuka biyu na jihar Kolorado, masu kare daji suka kai ƙara kotu, aka janye izinin. Maganar ba ta mutu ba.

Duk da haka gwamnati ta shaida amfanin 'yan sa-kai. Binciken nan na 2013 ya nuna cewa a 2012 kaɗai sun ba da awoyi miliyan 1.2 a kan turbobin gandun daji. A 2016 majalisar ƙasar ta yi doka wadda ta umarci hukumar ta nemi hanyar ninka aikin 'yan sa-kai cikin shekara biyar. Tun 1993 kuma akan keɓe Asabar ta farko a watan Yuni a matsayin ranar turbobi ta ƙasa, inda jama'a ke fita aikin gayya.

Abin koyi ga ikkilisiya

'Yan'uwa, aikin gayya ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu da shi suka yi noma, da shi suka ɗaga jinka, da shi aka gina majami'u da yawa da muke sujada a cikinsu. Abin tambaya shi ne ko yana nan da ransa a tsakaninmu.

Gyaran hanya abu ne da Allah da kansa ya damu da shi. A Maimaitawar Shari'a sura 19, da aka keɓe biranen mafaka domin wanda ya yi kisa ba da gangan ba, an umarta a shirya hanyoyin zuwa gare su, gama mafaka ba ta da amfani ga wanda ya kasa isa gare ta. Annabi Ishaya a sura 40 ya kwatanta zuwan Ubangiji da aikin share hanya da cike kwari, Yahaya Maibaftisma kuwa wannan aiki ya zo ya yi a zukatan mutane. A littafin Nehemiya sura 3 mun ga yadda aka gama garun Urushalima domin mutane da yawa sun gyara sashin da ke daura da gidajensu.

To, a ƙauyukanmu da unguwanninmu fa? Kwalbati ɗaya da ta toshe takan sa ruwa ya cinye hanya, a watan Agusta mota ta kasa shiga. Mace mai naƙuda a lokacin sai a ɗauke ta a kan babur ko amalanke, wata ta kai asibiti, wata ba ta kai ba. Tsofaffi sukan daina zuwa sujada har damina ta wuce. Amfanin gona ya ruɓe kafin ya ga kasuwa. Mu kuwa muna tsallake wurin kowace Lahadi da kayanmu masu kyau, muna cewa aikin ƙaramar hukuma ne.

Aikinta ne, ba shakka, kuma bai kamata mu daina tuna mata ba. Amma a lura da dabarar mahayan nan. Sun rubuta kowace awa da suka yi aiki, da kowane mil da suka share, shekara bayan shekara. Ranar da aka zauna za a yanke shawara a kan turba, maganarsu tana da nauyi, domin kowa ya san gumin da suka zubar. Ikkilisiyar da ta yashe magudanu shekara uku a jere, in dattawanta suka je wurin shugaban ƙaramar hukuma neman buhun siminti ko motar tsakuwa, da wuya a sallame su da baki kawai.

Saboda haka ga shawara. Kafin ruwa ya sauka, majalisar ikkilisiya ta zaɓi Asabar ɗaya. A sanar da mai unguwa ko dagaci, a nemi yardarsa, kada kuma a taɓa gonar kowa ko burtali ba da shawara ba. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, gama hanya ba ta tambayar addinin mai bin ta. Matasa su fito da diga da shebur, Zumuntar Mata su taimaka da ruwa da abinci in sun ga dama su kama aikin ma, sakatare ya rubuta sunayen waɗanda suka zo da abin da aka yi. A fara da inda ruwa ke bi, domin nan ne ɓarna take farawa. In damina ta yi tsakiya a sake zagayawa a duba.

Yawancin waɗanda za su bi hanyar ba za su san wanda ya gyara ta ba, ba kuwa za su yi godiya ba. Ubangijinmu ya riga ya koya mana a Matiyu sura 6 cewa aikin kirki da aka yi a ɓoye ba ya ɓuya ga Uba. Allah ya ba mu zuciyar hidima da ƙarfin yin ta. Amin.